Ƙararrawar da Aka Kaɗa wa Mai Rai

Ranar ɗaya ga Nuwamba, ranar da mutanen Bodorhát suke ziyarar matattunsu, Hajnalka Bereczki ta rufe kantin magani da wuri, ta nufi maƙabarta rungume da furanni.

Shingen itatuwa ne ya raba maƙabartar biyu. A dama Katolika, kowane kabari da gicciyensa da kyandirori. A hagu 'yan Kalbin, wani reshe na Furotesta, mutanen su Hajnalka, baƙin katako kawai a kafe a kan kowa, don su ba sa kunna wa mamaci wuta. Amma tun tana ƙarama, duk shekara sai sun tarar da kyandir ɗaya cikin jar kwalba a kabarin kakarta. Mahaifinta yakan sa yatsa biyu ya kashe shi, bai taɓa cewa komai a kai ba.

Bana sai ta iske mai kunnawar. Dogon saurayi ne a tsugune, takalmansa duk taɓo, yana kare ashana daga iska da tafin hannu.

"Malam, ina jin ɓatan kai ka yi," ta ce. "Naku suna tsallaken shinge."

Ya ɗago. Idanunsa suka tsaya a fuskarta fiye da yadda ya kamata, har ashanar ta ƙona masa yatsa.

"Aiko ni aka yi. Mai kunnawar ciwon ƙafa ya hana ta fita bana."

"Wace ce?"

"'Yar mai kabarin."

Hajnalka ta ce masa 'yar kakarta ta rasu tun kafin a haife ta, mahaifinta kaɗai ya rage. Saurayin ya miƙe a hankali yana karkaɗe gwiwa.

"To ni dai da safe na bar ta tana faɗa da kyanwarta," ya ce. "Sunanta Piroska. Ita ta riƙe ni ranar baftisma."

Ta san sunan. Sau ɗaya ta taɓa ganinsa, a shafin farko na Littafi Mai Tsarki na gidansu, inda ake rubuta haihuwa da mutuwa, an ja masa layi da baƙin alƙalami.

Sunan saurayin Gellért Pásztói, likitan dabbobi, bai daɗe da dawowa gari ba. Da ya ga yadda ta ƙame, sai ya ba ta haƙuri, ya karɓi furannin ya jera mata su da kansa. Ranar ba ta kashe kyandir ɗin ba.

Kwana uku bayan nan ya shigo kantin neman maganin tari. Washegari ya zo neman bandeji. Ranar da ya nemi maganin kumburin ciki na jarirai, ta tambaye shi jaririn wa, ya ce na wata saniya ce, ba ta so a faɗi sunanta. Ta yi dariya har ta dafa teburin kantin. Da yamma saƙonsa na farko ya shigo.

"Sunanki asuba yake nufi, ni kuma aikina da asuba nake fita. Yau na tsaya a bakin rafi ina kallon gari yana wayewa, na ce ga ta can. Kada ki yi fushi, Asubata."

Ta mayar masa da amsa.

"Likitan shanu, ka iya zance. 'Yan Paparoma duk haka kuke, kun saba faɗin zunubi da baki mai daɗi."

"Ku kuma masu kaurin wuya, ko kun ji daɗin magana sai kun ɗaure fuska. Gobe zan zo sayen auduga."

Haka hunturu ya wuce musu. Sukan haɗu a birnin Debrecen ranar Asabar, inda babu wanda zai ƙirga takunsu, su sha shayi, su raba gurasa mai gyaɗa. Yakan ɗumama mata hannu cikin aljihun rigarsa. Sau da yawa ya ce zai kai ta wajen Piroska, ita kuma sai ta ce ba yanzu ba. Tsoro take ji, ba ta kuma san na mene ne ba. A garinsu in an yi mutuwa akan kaɗa ƙararrawa, zubi uku in namiji ne, zubi biyu in mace ce. Ta tashi tana ganin duk ranar da aka yi zubi biyu, mahaifinta yakan ajiye cokali ya fita lambu, ya tsaya ya ba gida baya har a gama. Tun haɗuwarta da Gellért, ita ma sai ta riƙa jin zubi biyun nan a kunnenta da rana tsaka, tana cikin auna magani, alhali babu wanda ya mutu.

Mahaifinta, Gedeon Bereczki, shi ne shugaban dattawan cocin Kalbin, kuma a shekarar yana neman jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ta tsayar da shi shugabancin gari. A Bodorhát wanda jam'iyyar ta tsayar ya riga ya ci. A jikin takardun kamfen da ake liƙawa a bango kowa Kirista ne, kalmomi ukun dai su ne, Allah, ƙasa, iyali. Amma a zauren taro 'yan Kalbin sukan zauna ta taga, Katolika ta ƙofa, kowa ya san yawan hannuwan ɗaya ɓangaren. Wadda ɓangaren ƙofa suka fitar kuwa ita ce Terézia Pásztói, shugabar makarantar Katolika, mahaifiyar Gellért.

Wanda ya kai maganar gida shi ne Levente, sakataren matasan jam'iyya, wanda yake zama a bayan su Hajnalka a coci, ya kuma shekara biyu yana kawo wa mahaifiyarta zuma don neman auren Hajnalka. Wata Lahadi suna cin miyar kaza, Gedeon ya goge baki ya ce, ba tare da ya dube ta ba:

"An ce ana ganinki da ɗan Terézia."

"Gaskiya ne, Baba. Yana so ya zo ya gaishe ka."

Ya ce mata a zaɓen nan dattawan coci ne ƙafafunsa, ranar da suka ji 'yarsa za ta durƙusa gaban fada, limamin Katolika, ranar za su janye. Ya ce ita yarinya ce, ba ta san takardar da suke sa mutum ya sa wa hannu ba, cewa 'ya'yan da za a haifa duk nasu ne. Kakanninsu sun sha ɗauri da kora a kan wannan addini, ba za a miƙa jikokinsa a faranti ba.

"An taɓa yin haka a gidan nan sau ɗaya," ya ce. "Ya isa."

"Goggo Piroska kake nufi?"

Cokalin mahaifiyarta ya faɗi. Gedeon ya tashi, ya ɗauki hularsa, ya fita lambu.

A can gidan su Gellért ma ba a kwana lafiya ba. Terézia ta ce ba ta raini ɗa shekara talatin don ya kai mata jikoki cocin da babu ko hoton Maryamu a bango ba.

Sai kuma iska ta juya. Wani babban jigon jam'iyya ya zo daga birni, ya ji labarin, ya tafa hannu. Ya ce wannan ai kyauta ce daga sama: a yi auren kafin zaɓe, a ɗauki hoton iyalan biyu a tsakanin cocin biyu, a buga a ko'ina. Levente ya ga zumarsa za ta tafi a banza. Da yammacin ranar ya turo wa Hajnalka hoton wani saƙo da aka aika wa Terézia daga cikin mutanenta:

"Idan ɗanki ya riƙe 'yar Bereczki da kyau, rabin hannuwan masu kaurin wuya sun dawo wajenmu. Ki ƙarfafa masa gwiwa."

A ƙasa Levente ya ƙara nasa: "Ban so ki ji a bakin duniya ba. Ki tambayi kanki me ya kai shi kabarin kakarki."

Ta karanta ya fi sau goma. Ta tuna taɓon takalmansa, da ashanar da ta ƙona shi, duk sai suka zame mata kamar wasan da aka shirya. Ta rubuta wa Gellért layi ɗaya: "Ka gaya wa mahaifiyarka hannuna ba ƙuri'a ba ne." Ta kashe wayar. Kwana tara yana zuwa kanti, tana turo abokiyar aikinta ta sallame shi.

A rana ta goma ta haye gada zuwa unguwar Katolika. Ba don shi ta je ba. So take ta ga matar da aka yi amfani da sunanta aka yaudare ta, in ma akwai ta.

Gidan ƙarami ne, da inabi a kan ƙofa. Matar da ta buɗe tana dogara sanda, kuma fuskar Gedeon ce sak a jikinta, har da yadda gira ɗaya ta fi ɗaya tashi. Ta dubi Hajnalka.

"Shigo, 'yata. Shekara ashirin da shida ina ganinki daga nesa. Har maganin ƙafata a wani gari nake saye, don kada in sa ki cikin wahala."

Ta zuba mata shayi, ta ba ta labarin ba tare da ta yi kuka ba. Tana da shekara ashirin da ɗaya ta so wani kafinta Bakatolike, ta sa hannu a takardar. Ranar ɗaurin auren, tana tafe a titi cikin farar riga, sai ƙararrawar cocinsu ta fara. Ta ɗauka murna ce, har ta yi murmushi. Sai ta ƙirga. Zubi biyu. Mutane suka cire huluna a bakin hanya, kamar yadda ake yi wa gawa, ita kuwa tana wucewa a gabansu da ƙafafunta. Daga ranar, in ta haɗu da 'yan cocinsu a kasuwa, sai su dubi bayanta kamar babu kowa a wurin. Da mahaifiyarta ta rasu, daga bayan shinge ta tsaya. Mijin ya mutu shekara takwas da suka wuce. 'Ya'yan da aka yi duk wannan a kansu kuwa, Allah bai kawo ko ɗaya ba.

"Wa ya kaɗa ta, Goggo?"

"Mai kaɗawar ya ƙi. Sai babanmu ya tura Gedeon. Shekararsa goma sha bakwai. Ni na koya masa ɗaurin takalmi."

Hajnalka ta rufe fuska da hannu biyu. Piroska ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta ce yanzu kuma sai su zo kan wancan sakaran da ya rame kamar kare a bazara. Saƙon nan ta san shi, ai a kansa Gellért ya kwashe kayansa daga gidan uwarsa, sati uku ke nan yana kwana a ɗakin ajiyar maganin dabbobinsa, tare da buhunan abincin kaji. A watan Fabrairu aka rubuta shi, wata uku bayan haɗuwarsu a maƙabarta. Kyandir kuwa ita ta aike shi, kuma sai da ta yi masa kwatancen kabarin sau uku.

Tun a kan gada Hajnalka ta kunna wayar. Saƙonni suka yi ta shigowa. Na ƙarshe ya ce:

"Asubata, ban san me aka nuna miki ba, amma na san abin da na gani ranar ɗaya ga Nuwamba. Ba zan sa ki sa hannu a kan komai ba, fada ma ya ce yanzu ba a neman haka a wajenki. Ba zan tsaya hoton kowa ba. In kin ce in tafi zan tafi, amma ki faɗa mini da bakinki."

Ta same shi a wani garke bayan gari, hannunsa cikin safa har kafaɗa, yana duba wata saniya. Ta tsaya a bakin shinge ta ce ta zo sayen auduga. Ya dube ta, ya dubi saniyar, ya ce wa mai garken ya yi masa haƙurin minti biyar.

"Na zalunce ka," ta ce.

"Kin dawo. Sauran duk na manta."

"'Ya'yan fa, Gellért? Za su tambaye mu."

"Za mu kai su nan, mu kai su can, mu gaya musu gaskiya. Ni na yi wa fada alkawarin zan yi iya ƙoƙarina, ke ma ki yi naki. Abin da na sani, babu wanda za a ja wa layi a gidanmu."

Ta iske mahaifinta a lambu yana yi wa itacen tuffa aski. Ta ce masa daga gidan Goggo take. Almakashin ya tsaya. Ta ce za ta auri Gellért, tana so ya kasance shi zai kai ta, amma in ya ga sai an kaɗa mata, to ya faɗa mata yanzu, ta san da abin da za ta fita titi.

Gedeon ya zauna a kan bokitin da ya kife. Bai taɓa yi mata kama da tsoho ba sai ranar. Ya ce daga tagar hasumiya ana hango titin gaba ɗaya. Ya ga lokacin da yayarsa ta ɗaga kai tana murmushi, ya kuma ga lokacin da ta gane. Igiyar ta saɓule masa fatar hannu, bai ji ba sai da ya sauko. Ya ce shekara arba'in yana tsayawa a kan mumbarin siyasa yana maganar iyali, kuma duk lokacin da ya furta kalmar sai ya ji igiyar a tafinsa.

"In na ce abin da muka yi kuskure ne, to me na yi ke nan, Hajni?"

"Yaro ne kai, Baba, aka aike ka. Yanzu babu mai aikenka."

Ya ɗauki almakashinsa ya koma kan itacen. Amma ranar taron fidda ɗan takara, da babban jam'iyyar ya sake tayar da zancen hoto, Gedeon ya miƙe ya ce 'yarsa za ta auri ɗan Terézia a watan Satumba, za a ɗaura da fasto da fada, kuma ba za a buga fuskarta a jikin bangon kowa ba. Terézia ta miƙe ta ce ita ma haka ta gani. Dattawan Kalbin suka janye daga Gedeon, na ƙofa suka ce Terézia ta yi laushi, babban jam'iyya ya ji haushin su duka biyun. Aka tsayar da Levente.

A bakin zauren, Terézia ta ce wa Gedeon ba ta taɓa zaton za su faɗi rana ɗaya ba. Ya ce ai sai su saba, tunda jikoki ɗaya za su yi ta faɗa a kansu.

An ɗaura auren a cocin su Hajnalka, fada yana tsaye kusa da fasto. Wasu dattawa ba su zo ba, kujerunsu suka zauna wayam. Piroska ta zo, amma ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa shiga, sai da ango ya bar gaban coci ya je ya riƙo hannunta. Ta zauna a layin ƙarshe. Gedeon bai waiwaya ba har aka gama, sai dai ya riƙe hannun Hajnalka gam a cikin nasa.

A wajen walima aka cika tebura da naɗin kabeji da nama, da gasasshiyar agwagwa, masu goge suna ta ja. Gellért ya sunkuyo ya raɗa mata cewa tun da yake bai taɓa ganin asuba da la'asar ba sai yau. Ta taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur.

Da aka zo sa albarka, kowa ya juya ga uban amarya. Gedeon ya miƙe da kofi a hannu. Sannan ya dubi can ƙarshen tebur, inda tsohuwar take zaune ita kaɗai da sandarta.

"Ba ni ne babba a gidan Bereczki ba," ya ce. "Yaya Piroska, ke za ki fara."

Piroska ta dafa tebur ta tashi da ƙyar. Ta daɗe tana kallon ƙanenta, shi kuma bai kau da kai ba. Sannan ta juya ga ango da amarya, ta ɗaga hannu, muryarta ta fito a sarari.

"Ubangiji ya sa muku albarka, ya tsare ku. Ya ba ku 'ya'ya, ya ba ku tsufa tare. Duk ƙofar da kuka ƙwanƙwasa a garin nan, a buɗe muku."

Ɓangaren ango suka yi alamar gicciye, ɓangaren amarya suka sunkuyar da kai, amin ɗin kuwa tare ta fito. Hajnalka ta jingina kanta a kafaɗar mijinta. Da ta ɗago, sai ta ga mahaifinta ya ɗauki kujerarsa da hannunsa, yana ratsa mutane zuwa ƙarshen tebur.